Amsoshin Tambayoyinku: Maigidana Yana Ɗauke da Ƙwayar Sida, Shin Sumba Tana Iya Sa Ni Kamuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ki sakaya sunana da na unguwarmu. Ni matar aure ce a garin Tawa, shekararmu tara da aure, ƴaƴanmu uku. Maigidana yana zuwa cin rani Abijan kamar yawancin mazan yankinmu. Da ya dawo bana rashin lafiya ya yi ta damunsa, har aka auna jininsa aka ce yana ɗauke da ƙwayar cutar Sida. Bai ɓoye mini ba, shi da kansa ya kai ni aka auna ni, aka ce ba ni da ita. Yau wata huɗu ke nan yana shan magani, jikinsa ya fara dawowa, kuma muna amfani da kwaroron roba kamar yadda likita ya umarta. Abin da na ji nauyin tambayar likitan, kasancewarsa namiji, shi ne maganar sumba. Tun ranar da sakamakon ya fito ban ƙara yarda bakinsa ya taɓa nawa ba. Na ware masa kofinsa na ɗaura jan zare a mariƙinsa, na ware masa ludayin fura, idan kuma ya ɗauki autarmu zai sumbace ta sai in ƙirƙiro dalili in karɓe ta. Bai taɓa cewa uffan ba, amma ina ganin abin a fuskarsa. Na taɓa jin mata suna cewa a wurin biki wai cutar tana cikin miyau. Don Allah ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni.

Wata mai karatu, daga Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa maigidanki lafiya, ya kuma saka masa da alheri bisa gaskiyar da ya faɗa miki, domin ba kowane namiji ne yake iya buɗe baki ya shaida wa iyalinsa irin wannan magana ba. Tun da gaskiya kika nema, ga ta: miyau ba ya ɗaukar cutar Sida daga wani zuwa wani. Sumba a kumatu, ko a goshi, ko a hannu, ko leɓe da leɓe, babu hatsarin kamuwa a cikinta ko kaɗan. Har sumbar ma'aurata ta baki cikin baki, wadda miyau ke haɗuwa, ba hanyar kamuwa ba ce muddin babu jini a bakin. Wannan sharaɗi na jini zan tsaya a kansa sosai, amma kafin nan ki kwance jan zaren da ke jikin kofin, ki mayar da ludayin cikin ƴan'uwansa.

Ƙwayar Sida, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira ƙanjamau, tana da ruwayen jiki sanannu da take bi: jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Kasancewarta a cikin ɗayansu ma bai isa ba, sai ta kasance da yawa, sai kuma ta sami ƙofar shiga jinin wani, ko ta fata mai laushi da ke cikin al'aura, ko ta rauni, ko ta allura. Miyau bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba. Abin da ake samu na ƙwayar a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Yana kuma ɗauke da wasu sinadarai da ke manne wa ƙwayar su hana ta kama ƙwayoyin jiki. Sannan gishirin da ke cikin miyau bai kai na jini ba, don haka idan fararen ƙwayoyin jini da cutar ke ɓuya a cikinsu suka faɗa cikinsa, sai su sha ruwa su kumbura su fashe. Haka abin yake ga hawaye da zufa, su ma ba sa yaɗa ta, kuma sauro ba ya ɗaukar ta daga jikin wani ya kai wa wani.

Kada ki ɗauka wannan hasashe ne na ɗakin bincike kawai. Tun lokacin da aka fara ba da rahoton cutar a Amurka a shekarar 1981, aka kuma gano ƙwayar da ke haddasa ta a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris a 1983, tambayarki tana cikin waɗanda suka fi damun likitoci, saboda a lokacin tsoro ya kai har wasu ma'aikatan asibiti suna ajiye wa marasa lafiya abinci a bakin ƙofa. A shekarar 1986 wasu likitoci a birnin New York suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan mutum 101 da ke zaune gida ɗaya da masu fama da Sida su 39. Waɗannan mutane sun yi watanni, wasu shekaru, suna cin abinci a kwano ɗaya da marasa lafiyar, suna sha da kofi ɗaya, suna shiga makewayi ɗaya, suna rungumar juna da sumbatar juna. Da aka auna su, mutum ɗaya tak aka samu da ƙwayar, ƙaramar yarinya mai shekara biyar, wadda likitocin suka danganta kamuwarta da mahaifiyarta tun lokacin haihuwa. Ki lura da shekarar. A lokacin ko maganin farko na cutar bai fito ba, wato jinin waɗannan bayin Allah cike yake da ƙwayar, amma duk da haka kofi da cokali da sumba ba su kai ta ga kowa ba.

Yanzu ga maganar jini. A shekarar 1997 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wata mata da ake kyautata zaton ta kamu daga abokin zamanta ta hanyar sumba mai zurfi. Sun ce suna amfani da kwaroron roba ba fashi, kuma awo ya nuna ƙwayar da ke jikinta irin tasa ce. Amma da aka bi diddigi sai aka tarar dasashin mutumin yana yawan zubar da jini, musamman idan ya goge haƙora, ita ma matar tana da ciwon dasashi mai tsanani. Jini ne ya fito daga baki mai ciwo ya sami wani bakin mai ciwo ya shiga, miyau bai yi komai ba illa kasancewa a wurin. Abin ya kuma faru ne kafin fitowar haɗaɗɗun magunguna masu ƙarfi da aka fara amfani da su a 1996. A cikin fiye da shekara 40 da duniya ta yi tana sa ido a kan wannan cuta, da miliyoyin ma'aurata da ɗayansu ke ɗauke da ita, wannan rahoto ne har yau ake komawa gare shi idan ana maganar sumba, saboda ƙarancin irinsa.

Ban kawo miki labarin don in mayar da tsoron da na cire ba. Na kawo shi ne don ki san inda ya kamata ki sa ido. A ƙasarmu ciwon dasashi ba baƙon abu ba ne. Mutane da yawa idan suka yi asuwaki ko suka gutsuri goro mai tauri za su ga jini a jikinsa, su tofar su wuce, ba su ɗauke shi ciwo ba. A lokacin hunturu kuma, ke da kike Tawa kin fi ni sanin yadda iska ke tsattsaga leɓe har ya yi jini idan mutum ya yi dariya. Ranar da ɗayanku yake da irin wannan, ko gyambo a cikin baki, ko an cire masa haƙori, sai ku dakatar da sumba mai zurfi har wurin ya warke. Kowa ya riƙe asuwakinsa da buroshinsa da rezarsa, wanda dama haka ya kamata a yi a kowane gida, da cuta ko babu. Idan dasashin maigidanki yana yawan jini, ya nuna wa likitan da ke ba shi magani, domin ciwon baki yana cikin abubuwan da ke damun masu ɗauke da ƙwayar idan garkuwar jikinsu ta yi rauni, kuma yana da magani.

Akwai abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci, wanda wasiƙarki ta ambata a jimla ɗaya ta wuce: maganin da yake sha. Magungunan rage ƙarfin ƙwayar Sida, waɗanda ake kira ARV, ba sa kashe ƙwayar gaba ɗaya, amma suna hana ta hayayyafa, har yawanta a cikin jini ya ragu ya kai matsayin da na'ura ba ta iya ganinta. Ga mafi yawan mutane hakan yana samuwa cikin wata shida da fara shan magani, idan ana sha kullum ba tsallake. A shekarar 2011 wani babban bincike da aka yi a kan ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara, ciki har da Kenya da Malawi da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100. A 2016 wani binciken na Turai ya bi ma'aurata 888 da ɗayansu ke shan magani har ƙwayar ta daina ganuwa. Sun sadu kusan sau 58,000 ba tare da kwaroron roba ba, kuma ba a sami ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa ba. To, idan babbar ƙofa, wato saduwar aure, maganin yana iya rufe ta haka, ina ga sumba da tun asali ba ƙofa ba ce?

Saboda haka abin da zai kare ki shi ne ƙwayar maganin nan da yake haɗiya kowace rana. A nan ne kofi mai jan zare yake da haɗari, ko da yake da kyakkyawar niyya kika ware shi. Na daɗe ina zama da masu shan wannan magani, kuma na ga waɗanda suka daina karɓarsa, ba don ya ƙare ba, ba don kuɗi ba, tun da kyauta ake bayar da shi a Nijar, sai don zuciyarsu ta karaya a cikin gidajensu. Mutumin da yake ganin iyalinsa suna ƙyamar abin da bakinsa ya taɓa yakan fara tambayar kansa amfanin wahalar da yake yi. Idan ya yi wasa da magani, ƙwayar ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin, a sannan ne ke da kanki kike shiga haɗari na gaske.

Ni ma ban tsira daga wannan tsoro ba a farkon aikina. Na tuna ranar da na je duba wata mara lafiya a gidanta, ta dama fura a ƙwarya, ta kurɓa da ludayi don ta ji ko sukari ya ji, sannan ta miƙo mini ludayin. Na san abin da littafi ya ce sarai, amma hannuna ya tsaya na ɗan lokaci kafin in karɓa. Ta gani. Ta janye ludayin a hankali ta ce bari a kawo mini wani. Na karɓa na sha da nata, amma abin da ta gani ta riga ta gani, kuma har yau idan na tuna fuskarta sai in ji kunya. Shi ya sa ba na zargin ki. Shekaru da dama an yi ta nuna mana hotunan ƙwarangwal a bangon asibitoci, ba a koya mana inda cutar ba ta bi ba. A watan Disamba na 1991 wani likitan ƙasar Italiya mai suna Fernando Aiuti ya kai ga sumbatar wata mata mai ɗauke da ƙwayar a gaban ƴan jarida a wurin wani taro a garin Cagliari, don kawai ya karya wannan jita-jita ta miyau. Al'adarmu da addininmu ba su yarda da irin wannan hanya ba, amma ta nuna yadda jita-jitar ta yi ƙarfi har a ƙasashen da ake ganin sun waye.

Game da autarku, ki bar mahaifinta ya ɗauke ta ya sumbace ta yadda yake so. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, da wani mutum ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Babu wani dalili na lafiya da zai sa a hana wannan uba abin da addini ya yaba. Abu ɗaya ne kawai zan ja kunne a kansa, kuma ya shafi iyaye mata da kakanni fiye da maza: al'adar tauna wa jariri nama ko gyaɗa ko dabino a sa masa a baki. A shekarar 2009 likitoci a Amurka sun wallafa labarin yara uku da suka kamu ta wannan hanya. Nan ma jinin dasashin mai taunawa ne ke cakuɗuwa da abincin, ya tarar da dasashin yaro a buɗe lokacin fitar haƙora. Duk mai ɗauke da ƙwayar kada ya tauna wa yaro abinci, a daka ko a murƙushe da cokali.

Sauran abin da ya rage miki kaɗan ne. Awon jini na gaggawa ba ya ganin sabon kamu nan take, yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya nuna, don haka idan sau ɗaya aka auna ki, ki koma a sake yanzu da wata huɗu suka wuce; idan ya sake nuna ba ki da ita, hankalinki ya kwanta game da abin da ya gabata. Ku ci gaba da kwaroron roba har a yi masa awon yawan ƙwayar a cikin jini, wanda ake yi bayan wata shida da fara magani, likita ya gaya muku matsayin da ya kai. Idan robar ta fashe kafin nan, kada ki jira gari ya waye sau uku: akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 a sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ga sauran masu karatu da ke da abokiyar zama, ita ma haƙƙinta ne a auna ta. Idan kuma kina jin nauyin likita namiji, ki nemi ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a asibitin da yake karɓar magani. Babu tambayar da ba su taɓa ji ba.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni matashi ne a unguwar Bukoki a Yamai. A fadarmu akwai wani abokinmu da ya rame, ana raɗe-raɗin yana da Sida, har wasu sun daina shan shayi idan kofin ya biyo ta hannunsa. Ni na ce miyau ba ya yaɗa ta, sai wani ya ce in haka ne me ya sa akwai awon da ake yi ta hanyar goga abu a cikin baki? Na rasa amsar da zan ba shi.

Wani mai karatu, daga Yamai.

AMSA: Ɗana, kai ne da gaskiya, kuma tambayar abokin naka tana da ma'ana. Awon da ake yi da ruwan baki, irin wanda ake kira OraQuick, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Idan ƙwayar ta shiga jiki, jiki yana ƙera wasu makamai na musamman don yaƙar ta, kuma waɗannan makamai suna fitowa a cikin ruwan da ke tsattsafowa daga dasashi. Su ne awon yake ganowa, kamar yadda mafarauci ke gane zaki ya wuce ta sawunsa ba tare da zakin yana wurin ba. Makaman ba sa sa wa kowa cuta.

Ƙaramin kofin shayin da ke zagaya fada daga na farko har na uku bai taɓa ba wani Sida ba. Abin da miyau da numfashi ke yaɗawa daban ne: mura, da ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, da tunjere idan gyambonsa yana cikin baki, da kuma sanƙarau. Mutanen Yamai ba su manta da 2015 ba, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500, har aka rufe makarantun birnin a watan Afrilu. Idan za ku ɗauraye kofi tsakanin mai sha da mai sha, ku ɗauraye saboda waɗannan, kuma ku ɗauraye wa kowa, ba mutum ɗaya ba. Inda ya kamata matasa irinku su yi taka-tsantsan shi ne wurin wanzami da mai yankan farce da mai yin ƙaho: a sa sabuwar reza a gabanka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta fi ta Sida saurin kamawa ta jini nesa ba kusa ba, tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a jikin ƙarfe.

Rama kuwa ba shaida ba ce. Tarin fuka da ciwon sukari da yunwa da damuwa duk suna ramar da mutum, yayin da mai ɗauke da ƙwayar yana iya yin shekaru da ƙibarsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2006 ya sami kusan mutum 7 cikin 1,000 na masu shekara 15 zuwa 49 ɗauke da ita a Nijar, na 2012 kuma ya sami 4 cikin 1,000, kuma babu ɗayansu da aka gane da ido. Ka kuma tunatar da ƴan fadarku cewa ƙasarmu tana da doka tun 2007, wadda aka sabunta a 2015, da ta kare sirrin masu ɗauke da ƙwayar ta kuma hana nuna musu wariya. Idan abokin naku ba shi da lafiya, ka keɓe da shi ka raka shi asibiti a duba abin da ke damunsa. Masu gudun kofin kuma, duk wanda bai san matsayinsa ba ya je asibitin unguwa ko cibiyar kula da masu ɗauke da ƙwayar Sida, wato CTA, da ke nan Yamai. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamako yana fitowa cikin kamar rabin awa, kuma shi kaɗai za a gaya wa.